Fireshan idona 17 ne, wai shikenan ba ni da hawan jinin ido?

Abban_Khairat:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu sani a harkar ido ina neman ƙarin haske. An gano mahaifinmu yana da hawan jinin ido, amma kafin mu kai shi asibiti idon dama ya riga ya tafi, na hagun ma likita yace saura kaɗan, yanzu in ka miƙo masa kofi ta gefe baya gani sai ka kawo shi saitin fuskarsa. Likitan yace duk 'ya'yansa da ƙannensa muje a duba mu. To kwanaki an zo gwajin ido kyauta a unguwarmu naje, suka hura min iska a ido da wata na'ura aka rubuta 17 da 16, matar tace lafiya lau tunda bai wuce 21 ba. Da na faɗa wa likitan Baba sai yace wannan bai isa ba, sai an leƙa jijiyar ido kuma an yi wani gwaji na danna maɓalli, kuma duk kuɗi ne. Shekarata 43. Tunda fireshan daidai yake meye kuma na sauran gwajin? Na biyu, Baba kullum yana ɗiga maganin nan amma ganinsa ko kaɗan bai ƙaru ba, har ya fara cewa a daina ɓarnar kuɗi. Akwai binciken gaske da ya nuna yana aiki ko dai ana bayarwa ne kawai dan kar ace ba a yi komai ba?

Ummu_Sadiq:
Wa alaikumussalam Malam, Allah ya ba Baba lafiya. Ni a sashen ido nake aiki kuma wlh maganar nan ta "bai wuce 21 ba" ta cuci mutane da yawa. Likitan Baba gaskiya ya faɗa maka. Ita cutar lalacewar jijiyar gani ce, fireshan ido babban abin da ke jawo ta ne amma ba shi ne ita ba. A binciken da aka yi a Baltimore ta Amurka wanda ya fito a 1991, kusan rabin waɗanda aka tabbatar suna da cutar, a awon farko fireshansu bai haura 21 ba. Kaga da awon ne kaɗai aka dogara da shi da an sallami rabinsu an ce su tafi gida lafiyarsu ƙalau. Kuma shi fireshan hawa da sauka yake a yini, na safe daban na yamma daban, sannan in tantanin gaban idonka siriri ne na'urar takan nuna lamba ƙasa da yadda take a zahiri.

Shiyasa sai an ɗiga maka maganin da zai buɗe ƙwayar ido likita ya haska ya ga kan jijiyar, akwai wani rami a tsakiyarta da yake faɗaɗa idan tana mutuwa. Gwajin maɓallin kuma kai zaka sa a cikin wani kwano fari, a rufe ido ɗaya, ka kafe ɗayan a tsakiya, duk ɗan hasken da ya ƙyafta ta gefe ka danna. Takardar da zata fito in akwai inda ganin ya mutu zaka ga wurin yayi baƙi. Mutum zai iya karanta rubutu ƙanana tsaf alhali gefe ya cinye, dan ɗaya idon yana rufa wa ɗayan asiri.

Kuma kai abubuwa uku sun haɗu maka, ka wuce 40, mahaifinka yana da ita, kuma baƙar fata ne. A binciken Rotterdam ta ƙasar Holan an samu cewa 'ya'ya da 'yan uwan mai cutar na jini haɗarinsu ya kai wajen ninki 9 na sauran mutane. A nan gida ma binciken makanta na ƙasa da aka yi daga 2005 zuwa 2007, wanda Dakta Fatima Kyari ta fitar da ɓangaren wannan cutar, ya nuna kashi 5 cikin 100 na 'yan shekara 40 zuwa sama suna da ita, kusan kashi 6 cikin 100 ne kawai a cikinsu suka san suna da ita, kuma mutum ɗaya cikin biyar ya riga ya makance. Dan Allah ka daure ka nemi kuɗin kaje, ka ja ƙannen Baba ma.

Sadauki77:
Ni fa na karanta cewa kwamitin da ke ba da shawara kan rigakafi a Amurka a 2022 yace babu isasshiyar hujjar da za a ce a dinga tantance kowa da kowa. In su da suke da kayan aiki sun faɗi haka mu meye namu na takura talaka da gwaje-gwaje?

Ummu_Sadiq:
@Sadauki77 haka suka ce, amma a kan mutanen gari da ba su da wani ƙorafi suke magana, kuma cewa suka yi hujjar bata isa a yanke hukunci ba, ba su ce bashi da amfani ba. Wanda mahaifinsa ya rasa ido ɗaya ai ba a layin kowa da kowa yake ba. Sannan a wajenmu cutar tafi yawa kuma tafi saurin kama mutum da ƙuruciya, a Tema ta Ghana kusan kashi 7 cikin 100 aka samu a 'yan sama da 40.

Likitan_gobe:
Bari in taɓa tambaya ta biyu dan ita tafi damuna, irin maganar Baba ita ke sa mutane su ajiye magani sai sun dawo ana jan su da sanda. Jijiyar da ta mutu bata dawowa, babu ɗigo ko tiyatar da zata dawo da ita. Aikin maganin ya tsare abin da ya rage, saboda haka in shekara ta zagayo Baba yana ganin abin da yake gani bara to maganin yayi aiki, a haka zaku fahimtar da shi.

Kuma an gwada ba zato ba ne. A Suwidin an ɗauki mutum 255 da aka gano cutarsu da wuri aka raba biyu, wasu aka sauke musu firesha wasu aka zuba musu ido kawai ana bibiyarsu, sakamakon ya fito a 2002, cutar ta ci gaba a kashi 62 na waɗanda ba a yi wa magani ba, a masu magani kuma kashi 45, kuma su ɗin ma ta fi jinkirin tafiya. Sun lissafa duk lamba ɗaya da aka sauke tana rage haɗarin da wajen kashi 10. A Ingila kuma, a binciken da ya fito a 2015, an kwatanta latanoprost, ɗigon sauke firesha, da ɗigon bogi wanda ba magani a ciki a kan mutum 516, cikin shekara 2 gani ya ƙara lalacewa a wajen kashi 26 na masu bogin, masu maganin gaske kashi 15. Har masu cutar da fireshansu bai taɓa haura 21 ba an ga in aka sauke shi da kashi 30 cutar tana lafawa.

Lura da 45 ɗin can fa, akwai waɗanda suna kan magani tana ci. Shiyasa ake maimaita gwajin maɓalli, dan takarda ɗaya bata nuna gudun cutar sai an jera su an kwatanta, masana ma sun ba da shawarar a yi sau 6 a shekara 2 na farko, duk da a nan wanda ya samu sau biyu a shekara ya gode Allah. In an ga tana ci duk da ɗigon sai a koma leza ko tiyata. Mutanenmu na tsoron tiyata sosai, binciken Dakta Mohammed Abdull a Bauchi ya nuna yawanci a makare suke zuwa kuma 'yan kaɗan ne ke yarda a yi musu.

Hajiya_Turai:
Ɗana Allah ya yi maka albarka da kake kula da mahaifinka. Nima ina da ita. Ka tambayi likita maganar leza ɗin nan da ake cewa SLT, ni an yi min a zaune ko kwanciya ban yi ba, 'yata tace a Tanzaniya an kwatanta ta da ɗigon timolol mai sauke firesha a asibitin Moshi, bayan shekara ta riƙe firesha a kashi 61 na idanu shi kuma ɗigon kashi 31. Ba kowa take yi wa ba kuma ba ko'ina ake da injin ba, amma ka tambaya. In Baba yana da asma ku faɗa kafin a bashi timolol, yana toshe numfashi. Kuma ku raba shi da maganin jan ido na kemis, masu sitiroyid a ciki suna hawar da firesha. Da azumi kar ya ajiye ɗigon, ni ina ɗigawa bayan buɗa baki da kuma kafin sahur ya fita, in na ɗiga sai in danne lungun ido ta wajen hanci da yatsa kamar minti biyu, baya sauka maƙogwaro.

Abban_Khairat:
Nagode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Anti Ummu_Sadiq in an duba jijiyar an ce lafiya sai yaushe kuma zan koma?

Ummu_Sadiq:
Likitan da ya duba ka shi zai yanka maka lokaci gwargwadon abin da ya gani, amma mai tarihi irin naka yawanci duk shekara ne ko shekara biyu. Ka roƙa a ɗauki hoton jijiyar ko a yi maka OCT, wato hoton na'ura mai auna kaurin jijiyar, in suna da shi, ka adana takardun a gida ka dinga zuwa da su. Ranar gwajin kar ka tuƙa mota ko mashin, maganin buɗe ido zai sa ka gani dishi-dishi na wasu awanni, ka tafi da wanda zai dawo da kai.