Neman kalma: mu ce "turke taswira"?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina so mu tsayar da kalmar Hausa ga aikin da masu taswira ke kira georeferencing, wanda ɗalibanmu ke cewa "jiyorefarensin" su wuce abinsu. Ina da shawara, wasunku ma sun riga sun kawo nasu kalmomi da gyare-gyare, zan amsa su a ƙasa, amma bari in fara da aikin kansa, don wanda bai ga yadda ake yin sa ba zai kawo kalmar da ba ta kama ba.

Mu ɗauki tsaunukan Jos. Kamfanonin Turawa sun fara haƙar kuza a can tun farkon shekarun 1900. An ja ƙaramin layin dogo daga Zariya ya iso a 1914, aka rufe shi a 1957. Da kasuwar kuza ta duniya ta faɗi a 1985, haƙar ta ƙarasa durƙushewa, aka bar ramuka da tulin ƙasa. Yau ramukan nan tafkuna ne, manoman rani na jan ruwansu suna noma kabeji da karas da dankalin Turawa a kewayen Bukuru da Barkin Ladi. Wani wurin an dasa itacen turare, wani wurin gidaje sun cinye. Mai son ya san hekta nawa ta tashi daga gonar acca ta zama rami, daga rami ta zama lambu, tauraron ɗan'adam ba zai kai shi can baya ba, tunda Landsat na farko ma, tauraron da ke ɗaukar hoton doron ƙasa, a 1972 aka harba shi. Dole ya koma ga tsofaffin taswirorin safiyo, irin masu ma'aunin 1:50,000 da aka zana daga hotunan jirgin sama a shekarun 1960, da waɗanda suka girme su.

To ga inda aikin yake. In ka ɗauki hoton tsohuwar taswira ka sa a kwamfuta, ita hoto kawai ta gani, ba ta san ko Jos ce ko Agadas ba. Sai ka nemi wani abu da ke jikin takardar wanda har yau yana nan a ƙasa bai gusa ba, kamar gada ko kan dutse mai alamar safiyo. Ka danna shi a takardar, ka gaya wa manhaja, misali QGIS, ainihin lambobin matsayinsa a doron ƙasa. Ka yi haka aƙalla wuri uku, in son samu ne goma ko fiye, a warwatse har gefunan takardar. Daga nan manhaja ta ja nan, ta matse can, har tsohuwar taswira ta kwanta a kan wurinta. Wannan shi ne aikin da ba shi da suna a bakinmu.

Shawarata: turke taswira. Wuraren nan da ake dannawa kuma turaku, ɗaya turke. Taswirar da aka gama yi wa aikin ta zama turkakkiyar taswira, jam'inta turkakkun taswirori.

Dalilina na farko, kalmar tana da 'ya'ya. Ta ba mu aikatau, ta ba mu suna, ta ba mu sifa, duk ba tare da mun ƙirƙiro abin da kunne zai ƙi ba. Kana iya cewa "turaku nawa ka kafa?" ko "wannan ba turkakkiya ba ce, kada ka auna fili a kanta", kowa ya gane ba sai an yi masa lacca ba.

Dalili na biyu ya fi mini nauyi. Dabbar da aka turke ba ta tsaya cak ba, tana da ɗan zagayen da igiya ta ba ta. Haka tsohuwar taswira. Takarda tana motsewa da shekaru, tana miƙewa a wurin ninki, kuma milimita ɗaya a ma'aunin 1:50,000 mita 50 ce a ƙasa. Ga shi tsofaffin taswirorin Najeriya a kan tsarin lissafin matsayi da ake kira Minna aka gina su, wayoyinmu kuwa da wani tsarin mai suna WGS84 suke aiki, tsakanin biyun akwai tazarar gomman mitoci in ba a juya lissafin ba. A ƙasar tsaunuka abin ya fi tsanani in hoton jirgi ne a hannunka, domin kan dutse yakan kwanta ya yi waje daga tsakiyar hoton. Saboda haka bayan an gama, manhaja takan ba da wani adadi na kuskuren da ya rage. Ina ganin mu kira shi tsawon igiya. "An turke ta, igiyarta mita 30." Duk wanda ya ji haka ya san kada ya yi rantsuwa a kan iyakar gona da wannan takarda. A Filato, inda maganar fili ba abin wasa ba ce, kuma da Hausa ake yawan yi wa masu unguwa da manoma da makiyaya bayanin sakamakon bincike, ina so kalmar da za mu ba su ta zo da gargaɗinta a jikinta.

Malam, na ga ka kawo "daidaita taswira". Allah ya ƙara sani, amma daidaita ta yi faɗi. Ana daidaita launi, ana daidaita ma'auni, ana daidaita takarda a kan tebur. Kuma tana alkawarin abin da aikin ba ya cikawa, wato an zo daidai. "Saita" ma ciwonta ɗaya ne.

"Ɗora taswira" da wata 'yar uwa ta kawo kalma ce mai kyau, Hajiya, sai dai mu ajiye ta ga matakin da ke biye: bayan an turke tsohuwa, sai a ɗora ta a kan sabuwa a ga abin da ya sauya. In muka ba matakai biyu suna ɗaya, ɗalibi zai ɗora ba tare da ya turke ba.

"Kafe taswira" ce ta fi ba ni wahalar ƙi. Ana kafe abu da ƙusa, ma'anar ta kusa. Amma a aikin da kullum ake maganar rafi ya ƙafe, tafki ya ƙafe, kuma yawancinmu ba ma sa lanƙwasar ƙ a waya, za a sha ruɗani. Sannan kafewa ba ta bar wurin motsi ba.

Ɗan uwanmu na Damagaram ya ce a wajensu masu aikin da Faransanci sukan ce "kalaj", wuraren kuma "puwan da kalaj". Na gode, Malam. Da za ka gwada "turke" a kan masu nazarin lambunan Timiya da Bagzam a tsaunukan Azbin, inda ake komawa ga taswirorin Faransa masu ma'aunin 1:200,000, ka gaya mana ko ta zauna a bakinsu. A wannan ma'auni milimita ɗaya mita 200 ce, igiyar doguwa ce ƙwarai.

Baba, kai da ka yi aikin safiyo, gyaranka na karɓa hannu biyu: ba kowane abu ake turkewa a jikinsa ba. Kwanar rafi a yankin Bukuru ba turke ba ce, don masu haƙar kuza sun sha karkatar da ruwa. Mahaɗar hanya ma sai an bincika, tunda an miƙe tituna da yawa bayan an zana takardar. Itace kuwa a bar shi. Irin waɗannan mu kira su ruɓaɓɓun turaku kamar yadda ka ce.

Abu ɗaya ya rage ban yanke ba. A kan babin littafi, "Turkewar Taswira" za mu rubuta ko "Turkin Taswira"? Ni na fi karkata ga ta farko, don ta biyu a rubuce tana kama da sunan ƙasar Turkiyya. Malaman nahawu, muna sauraronku.