Waliyyai, tsarkaka ko amintattu: wacce za mu sa a takardar sujada?

Jama'a, ku taimake ni da kalma ɗaya. Majami'armu a nan Jos za ta yi sujada ta musamman a Lahadin da ta fi kusa da 1 ga Nuwamba, don tunawa da waɗanda suka bauta wa Ubangiji har ƙarshen ransu, kuma ni aka ɗora wa rubuta takardar tsarin sujada. Da na zo kan kalmar nan ta Turawa, "saints", sai na tsaya cik. Mai buga takarda yana jirana kafin Juma'a.

Abin da ya fara zuwa bakina shi ne waliyyai. 'Yan'uwanmu Katolika da ita suke amfani, Waliyyi Bitrus, Waliyyi Bulus, kuma a wurinsu ta zauna daram, don akwai doguwar hanyar da ake bi kafin a ba mutum wannan matsayi. Ku duba Fada Cyprian Tansi: ya rasu a Ingila a 1964, sai a 1998 Paparoma John Paul na biyu ya zo Nijeriya ya ayyana shi mai albarka, saura mataki ɗaya ke nan ya zama waliyyi. Ban da haka, in ka ce waliyyi, kunnen Bahaushe yakan tafi wurin irin su Ɗan Marina da Ɗan Masani na Katsina, mutanen karama, waɗanda ake ziyartar kabarinsu. Kalma ce mai nauyi, ina girmama ta. Amma mutanen da za mu karanta sunayensu ba wanda ya ayyana su.

Wani Baba fasto da ya yi ritaya ya ba ni amsa, ya ce: "Ɗana, me ya kai ka nesa? Buɗe Littafinka. Tun 1932 muke da shi cikakke da Hausa. Tsarkaka Bulus yake kiran mutanen Afisa da Filibi da Korinti." Na gode, Baba, gaskiya ce. Sai dai a nan ne na sake makalewa. Mutanen Korinti da ransu aka kira su haka, suna cikin jayayyarsu da ƙararrakinsu. Wato duk mai bi tsarkakke ne, har da mu da za mu zauna a kan benci ranar. In na rubuta "tunawa da tsarkaka", ban raba waɗanda suka gama tseren da mu da muke cikinsa ba.

Wata 'yar'uwa daga Bukuru ta ce shahidai. Wannan ta dace da samarin Uganda da aka ƙone a Namugongo a 1886, da kuma waɗanda aka kashe saboda bangaskiyarsu a kusa da mu. Amma Walter Gowans da Thomas Kent, 'yan mishan da suka sauka Legas tare da Rowland Bingham a 1893, ciwo ne ya ɗauke su a shekarar da ta biyo, ɗaya a Girku ɗaya a Bida. Toma Tok Bot da Bali Falang da David Lot, da aka naɗa fastoci a 1938, hidimar shekaru muke tuna su da ita.

Bari in gaya muku wadda nake auna kowace kalma da ita. Wata tsohuwa ce ta Zumuntar Mata, ba ta taɓa hawa bagade ba. Tun ina yaro nake ganinta kowace Asabar da yamma da guntun tsintsiyarta, tana sunkuye tsakanin bencuna, ko a sanyin Disamba na Jos da yake tsaga leɓe. In an yi rasuwa a unguwa, ita ce ta fari da ƙullin gari a ka, ita ce ta ƙarshen tashi. Littafin waƙoƙinta ya tsufa har ta ɗinke bangonsa da zare. Da za ka kira ta waliyyiya a gabanta, da ta rufe baki da gefen zani ta ce ka bar saɓo.

Da na ba Mama shugabar Zumunta wannan labari, ba ta ko yi dogon tunani ba. Ta ce: "Ai amintacciya ce. Ba abin da maigidan ya yaba wa bawansa da shi ke nan a Matiyu 25 ba? Aminci a kan ƙaramin abu." Nan take na ji kalmar ta shiga. Amintacce shi ne wanda aka ba amana ya riƙe, aka juya baya bai canza ba. Ta ɗauki mai wa'azi, ta ɗauki mai shara, ta ɗauki wanda aka kashe da wanda ya cika a kan gadonsa, kuma ɗan makarantar Lahadi zai gane ta ba sai an yi masa fassara ba.

Saboda haka ga abin da zan kai wa mai bugawa: Sujadar Tunawa da Amintattun Bayin Allah. Tsarkaka za ta zauna inda take a cikin karatun nassi, ba mu taɓa ta ba. Sunayen kuma bisa jerin haruffa za su bi, ban da muƙami. Wanda yake da sunan da yake so a sa, ya miƙa wa magatakarda kafin Alhamis da yamma.