In duniya ta rikice, mi za mu ci a Sakkwato?

Ɗan Mabera:
Salamu alaikum jama'a. Tun kullen korona na 2020 da wahalar canjin kuɗi ta 2023 abin nan ke damuna, in aka wayi gari ba mai, ba wuta, ba netwok, motocin kaya sun daina shigowa, mai iyali mi ya kamata ya fara tanada?

Manomin Kware:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Gero dai, kuma a damminsa za ka zuba shi rumbu kada ka sussuke, haka yake shekaru bai lalace ba. Wake shi ne mai rigima saboda ƙwari, shanya shi ya bushe sosai ka ɗura a jarka ka toshe bakin kada iska ta shiga. Sannan ka ware iri daban, komai yunwa ba a taɓa shi.

Maman Biyu:
Malam ruwa fa? Da zafin garin nan mutum ba ya kwana uku ba ruwa, kuma bohol ba wuta ba ya aiki. Ku nemi rijiya kusa, ku ajiye guga da igiya. Ruwan gulbin Rima ko na tafki a sa alif ya kwanta, a tace, sai an tafasa kafin a sha. In yaro ya kama gudawa, a haɗa lita 1 ta tafasasshen ruwa, sukari ƙaramin cokali 6, gishiri rabin ƙaramin cokali, a ba shi ya sha. Kuka, kuɓewa busasshiya da daddawa kuma wannan namu ne mata.

Ɗan Mabera:
Na gode Hajiya, Allah ya saka. Rijiyar maƙwabtanmu ta cike da ƙasa, zan tara matasan layi mu yashe ta kafin damina.