Masu aikin dare a ɗakin sanyi, me kuke yi idan wuta ta ɗauke?

Ɗan Gangare:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena a wannan sana'a. An ɗauke ni aikin kula da injinan wani ɗakin sanyi na kifi a nan Jos, wajen Bauchi Road. Ɗaki biyu ne, kuma wata mai kamawa za a mayar da ni aikin dare, daga ni sai mai gadi. Da rana hankalina kwance yake tunda Oga na nan. Fargabata ita ce a ɗauke wuta cikin tsakar dare, ga dukiyar mutane a hannuna. Wasu na ce min ai Jos garin sanyi ne, aikin ba wuya. Don Allah duk wanda ya taɓa kwana da inji ya faɗa min abin da ya gani da idonsa.

Baban Hauwa, Bukuru:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, Allah ya sa ka shiga a sa'a. Gaskiya ne garin nan na kan tudu, wajen mita 1,200, kuma kondensa, wato sashen injin da ke waje yana fitar da zafi, ba ta shan wuya a nan kamar yadda take sha a Abuja ko Lafiya. Amma kifin ƙanƙara digiri 18 ƙasa da sifili yake so, sanyin hunturun Jos kuwa duk tsananinsa bai kusanci nan ba. Kada ka jingina da shi.

Ni a iya zamana da inji, ɗaukewar wuta gaba ɗaya ba ta taɓa tayar min da hankali kamar rabin wuta ba. In ta ɗauke duka, komai ya tsaya, ɗaki a rufe zai riƙe sanyinsa, ka san inda ka dosa. Masifar ita ce layi ɗaya cikin layukan wuta uku da ke shiga inji ya faɗi. Akwai daren da nake zaune a ofis, kwan fitila na ci, rediyo na magana, sai na ji muryar kwamfiresa, wato injin da ke matsa gas ɗin sanyi, ta sauya, ta koma gurnani mai nauyi. Na ruga na kashe, na sa mita, ashe layi ɗaya babu. Da safe maƙwabcinmu da muke kan tiransifoma ɗaya ya tarar tasa ta ƙone ƙurmus, domin motar lantarki ta cikin inji mai layi uku in ta ci gaba da juyawa a kan biyu, wayar cikinta ce ke dahuwa. Shi ba kowa a wajensa da dare.

Saboda haka gobe ka buɗe akwatin wuta ka duba ko akwai na'urar da ke katse inji idan layi ya faɗi. In babu, ka matsa wa Oga ya sa, kuɗinta bai kai komai ba a kan sake naɗa wayar motar inji. Sannan idan ka tayar da janareto, kada ka jefa masa kwamfiresa biyu lokaci guda, wutar da kowacce ke ja wajen tashi ta ninka ta tafiya sau da yawa. Ɗaya ta daidaita, sannan ɗayar. In an dawo da wuta kuma kada ka yi rawar jikin juya canjoba. Auna layukan uku, ka bar inji ya huta kamar minti biyar, gas ya lafa. Wani lokacin ma bayan masu gyara sun taɓa waya sai layukan su dawo a juye, ka ga fanka na juyawa da baya.

Mai Ƙanƙara, Katako:
Ni ƙanƙarar bulo nake haɗawa, to namu da sauƙi. In wuta ta tafi ruwan gishirin tanki na riƙe sanyi, asararmu ta lokaci ce, musamman da azumi da masu saye ke layi tun da la'asar. Abin da zan ƙara shi ne maganar dizal. Tun da aka ɗaga kuɗin wutar Band A, wato rukunin masu samun wuta mafi yawan awanni, zuwa naira 225 kowane yunit a watan Afrilun 2024, ga dizal da tsada, masu ɗakuna da yawa suka koma cewa a kashe da dare, a tayar da asuba. Na yi aiki da mai irin wannan hali. Da kaya suka yi laushi, ni aka fara nuna wa yatsa. Littafi ne ya wanke ni: lokacin da wuta ta tafi, awon sanyi duk awa, lokacin da na kira shi, da amsar da ya ba ni. Ka rubuta komai, ko da ba a ce ka rubuta ba.

Injiniya, Dadin Kowa:
Baban Hauwa, ranka ya daɗe, ban ƙi taka ba, amma kada yaron ya ɗauka duk ɗakin da aka rufe zai riƙe sanyi. Ɗakin da ke cike da katan daskararru, bangonsa lafiya, robar ƙofarsa na kamawa, shi ne ke jure awanni. Ɗakin da ya rage saura kwata, ko aka zuba masa sabon kaya da yamma bai gama kamawa ba, nan da nan allurar ma'aunin sanyi ke hawa. Na sha ganin haka. Ni ƙa'idata ba agogo ba ce, ma'auni ne: in ya haura zuwa 15 ƙasa da sifili, janareto zai tashi, ko wa ya ce a jira. Kuma kada ka buɗe ƙofa don ka leƙa, ka karanta daga waje.

Baban Hauwa, Bukuru:
Haka ne Injiniya, ka cike min gurbi. Na gode.

Hajiya mai kifi, Taminus:
Ni ba ma'aikaciya ba ce, mai ajiya ce, amma ku bar ni in sa baki. Ɗana, mu da muke ɗaukar titus da shawa da panla kullum, muna gane ɗakin da aka kashe wa inji ko ba a faɗa mana ba. Kwalin zai yi laushi ya sake bushewa a murɗe, za ka ga jini ya gangaro ya daskare a gindin leda, kifin ya manne ya zama dunƙule guda. Mai saye ya kai gida, ya narke, ya ji wari, ni zai dawo wa, ba ku ba. Kuma abinci ne, ƴaƴan mutane za su ci. Akwai wani yaro mai aikin dare da ya taɓa kirana da asuba ya ce janaretonsu ya ƙi tashi, in zo in kwashe kayana tun suna da ƙarfi. Har yau duk inda ya koma aiki, can nake kai ajiyata.

Tsohon ma'aikaci, Rikkos:
Kowa ya yi maganar kaya, ni zan yi ta rai, don kaya ana mayarwa.

Ɗana, kafin darenka na farko, ka shiga ɗakin da rana, a rufe ka, ka gwada buɗewa daga ciki da hannunka. Maƙallin ciki na yin tsatsa, wani lokacin ƙanƙara ta riƙe shi, wasu masu ɗakin ma kwaɗo suke ƙara wa ƙofa ta waje saboda ɓarayi. A inda na yi aiki an taɓa rufe wani ɗan dako a ciki lokacin da wuta ta ɗauke, ba fitila, waya ba ta kamawa ta cikin bangon. Allah ya sa mai gadi ya ji bugun ƙarfe. Da muka fito da shi yatsunsa sun yi fari, ba ya iya haɗa magana. Tun daga ranar ba mai shiga sai wani na tsaye a bakin ƙofa. Kai da za ka kwana da mai gadi kawai, ka mai da shi abokin aikinka, duk shigar da za ka yi ya sani. Tocila a aljihu, rigar sanyi, safar hannu da takalmin roba, ko shigar minti ɗaya ce.

Mu gas ɗin sanyinmu amoniya ce, da ita muka yi aiki, a babbar masana'anta. Tana da kyawun sanyi, kuma warinta na tona ta tun tana kaɗan, amma in ta fashe tana ƙona ido da huhu. In ka ji ta, ka fita ka nufi inda iska ke fitowa, wanda ta taɓa kuma a yi ta kwarara masa ruwa. Ɗakinka na kifi mai yiwuwa gas ɗinsa R22 ne ko R404A. Su kuma ba ka jin warinsu, sun fi iska nauyi, suna taruwa a ƙasa su kore iskar shaƙa a wuri rufaffe. In ka ga mai na tsatstsafowa a mahaɗar bututu, gas na fita ta nan. Kuma janareto a waje yake zama, komai ruwan sama. Kada sanyin dare ya sa ka shimfiɗa tabarma kusa da shi don ɗumi, hayaƙinsa ya kashe mutane da yawa a ƙasar nan.

Maman Yusuf, Vom:
Ni a ɗakin ajiyar allurar rigakafi nake, namu tsakanin digiri 2 zuwa 8 ne sama da sifili, safe da yamma ake rubuta awo. A wajenmu sanyin ma in ya yi yawa ɓarna ne, irin su penta da ta ciwon hanta in suka daskare sun tashi aiki. Abin da ya fi ɗaure min kai da na fara shi ne, bayan wuta ta dawo wasu sai su murɗa maɓallin saita sanyi ƙasa wai don sanyi ya kama da wuri. Ba ya ƙara wa inji sauri, sai dai ya zarce inda ake so. Ka bar shi inda aka saita shi, ɗan'uwa.

Ɗan Gangare:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na duba yau. Na'urar layi na nan, amma maƙallin ciki na ɗaki na biyu ba ya motsi, Oga ya ce a kira mai gyara gobe. Sai dai na lura ko da wuta ɗakin nan ba ya wuce 14 ƙasa da sifili. Ko gas ne ya ragu?

Injiniya, Dadin Kowa:
Kada ka bari a yi saurin ƙara gas. Fara duba abu biyu. Na ɗaya, fankar ciki: in ƙanƙara ta toshe haƙarƙarinta iska ba ta ratsawa, sai a narkar, kuma da ruwa ko hitarta, ba da wuƙa ko sukundireba ba. Na biyu, kondensa ta waje, yanzu da hazo ya sauko ƙura na like ta cikin ƴan kwanaki. Kashe wuta, ka share ta da buroshi mai laushi. In duk ka yi bai sauka ba, sannan a sa gejin auna gas. In ya tabbata yoyo ne, a nemo ramin a toshe kafin a zuba sabo, kuma gwajin bututu da naitirojin ake yi. Duk mai gyaran da ya jawo tulun iskar walda zai hura a ciki, ka hana shi ka matsa nesa, domin iskar oksijin in ta haɗu da man kwamfiresa fashewa take. Ranar Asabar ina da aiki wajen Farin Gada, in ka yi wa Oganka magana ya yarda, zan biyo da gejina mu duba tare.