Sabar Dell R710 ta ƙi nuna diski wajen ɗora RHEL 9

Sabon_Shiga:
Assalamu alaikum malamai. Akwai sabar Dell PowerEdge R710 'yar gwanjo, da katin RAID (mai haɗa diski da yawa su yi aiki kamar ɗaya) na PERC H700 da diski huɗu. CentOS 7 ne a kanta, kuma tun 30 ga Yunin 2024 aka daina sabunta shi, shi ya sa ake son ɗora RHEL 9 (Red Hat Enterprise Linux, tsarin Linux na kamfanin Red Hat). Filashar girkawar tana tashi lafiya, amma da an zo wurin zaɓen diski sai a ga wayam. Diskin ne suka mutu, ko ISO ɗin, wato fayil ɗin girkawa, ne da matsala?

Mai_Rumbu:
Wa alaikumus salam. Ba ko ɗaya. Tunda CentOS 7 yana ganinsu, diskin lafiyarsu ƙalau. Tun RHEL 8 na 2019 Red Hat ta cire lambobin tsofaffin katunan LSI, waɗanda H700 ke cikinsu, daga direban `megaraid_sas`. Direban yana nan, sai dai ba ya amsa wa katinka.

Ka tabbatar da kanka. A cikin manhajar girkawa danna Ctrl+Alt+F2, ka rubuta `lspci -nn | grep -i raid`. Idan ka ga `1000:0079`, H700 ke nan, yana cikin waɗanda aka cire. Haka `1000:0060` na PERC 6/i da `1000:0073` na H310.

Maganin yana wurin ELRepo, ma'ajiyar direbobi ta 'yan sa-kai. Sauko da ISO ɗinsu na direba mai `kmod-megaraid_sas`, wanda ya yi daidai da ƙaramar lambar sigarka: na 9.4 ga 9.4, kada ka haɗa shi da wata. Sa shi a filasha ta biyu. A allon farko na girkawa danna Tab in BIOS ne, ko `e` in UEFI ne, ka ƙara `inst.dd` a ƙarshen layin kanel, wato zuciyar tsarin aiki. Zai tambaye ka na'urar da direban yake, ka zaɓa, ya loda, diskin su bayyana. In ka raɗa wa filashar suna `OEMDRV`, da kansa zai ɗauka ba tambaya.

Injiniya_Z:
Malam ya gama magana kan direba, amma kafin nan a leƙa katin kansa. Lokacin da sabar ke tashi danna Ctrl+R. H700 ba ya miƙa wa tsarin aiki diski tsirara, dole sai an haɗa su sun zama diski na RAID tukuna. In an ciro diskin daga wata sabar, zai nuna su a matsayin baƙi; ko ka shigo da tsarinsu na da, ko ka share shi, kuma sharewa na nufin bayanan sun tafi.

A nan kuma ka duba batirin katin. Sabar mai shekaru irin wannan da wuya batirinta ya rayu. Idan ya mutu, katin yana daina riƙe bayanai a ma'ajiyarsa, ya koma rubutawa kai tsaye, sai aiki ya yi nauyi. Akwai zaɓin tilasta masa ya ci gaba da riƙewa ba batir. Don Allah kada ka taɓa shi. Da yadda ake ɗauke mana wuta, ɗaukewa ɗaya ta isa ta lalata abin da bai kai ga diski ba. Sabon batir da UPS sun fi sauƙi.

Sabon_Shiga:
Allah ya saka da alheri. `1000:0079` ɗin ne kuwa. To bayan an gama ɗorawa shi ke nan?

Mai_Rumbu:
A'a, nan ne ma mutane ke faɗawa rami. Kunna ma'ajiyar ELRepo a sabar nan take, domin direban ya riƙa sabuntuwa. Ranar da sabuwar ƙaramar siga ta fito, kanel ɗin yana canzawa sosai, tsohon direban na iya ƙin shiga. In ka sake kunna sabar a haka, ba za ta ga diskin da take kai ba, ta tsaya a dracut, wato allon gaggawa na farkon tashi. Kafin ka sabunta, jira sai direban da ya dace ya fito. In ta riga ta faru, zaɓi tsohon kanel a GRUB, jerin zaɓin da ke fitowa lokacin tashi.

Sai batun tallafi. Direban ba na Red Hat ba ne, don haka in matsala ta taso daga ɓangaren diski, ba su da alhakin gyara ta ko da kana biyan kuɗi. Kafin sayen wata sabar a duba sunanta a Red Hat Ecosystem Catalog.

Hajiya_Linux:
Ɗan'uwa, in ba dole sai RHEL ba, AlmaLinux, takwarar RHEL ta kyauta, ta mayar da waɗannan katunan cikin kanel ɗinta tun 8.10 da 9.4. Ba filasha ta biyu, ba fargabar sabuntawa. A ganina wannan ya fi dacewa da tsohon ƙarfe.

Kuma ka san iyakar injin. RHEL 9 yana buƙatar furosesa mai matakin x86-64-v2, furosesan Xeon 5500 da 5600 na R710 sun cika wannan. RHEL 10 kuwa x86-64-v3 yake nema, wato daga furosesan Intel Haswell zuwa sama, mai AVX2, kuma babu direban da zai gyara wannan. RHEL 9 zai samu gyaran tsaro har 2032. AlmaLinux 10 tana da bugu na musamman na v2, amma manhajojin waje da aka gina don RHEL 10 ba lallai su yi aiki a kansa ba, sai ka gwada naka ɗaya bayan ɗaya.