Me ya kawo sauyi daga zamanin ƙera kaya zuwa bin buƙatar mai saye?

Nasiru: Assalamu alaikum. Ana raba tarihin tallata haja gida uku: zamanin ƙera kaya da yawa, zamanin tura kaya, sai zamanin bin buƙatar mai saye. Me ya sa tsarin farko ya gaza?

Malam Bala: Wa'alaikumus salam. Dubi Henry Ford, mai kamfanin motoci na Ford a Amurka. Ya fito da motar Model T a 1908 kan dala 850. A 1913 ya kafa layin haɗa mota mai tafiya, aikin awa 12 ya koma kamar awa ɗaya da rabi, har farashi ya faɗi ƙasa da dala 300. Tsarin yana ci ne muddin masu nema sun fi kaya yawa. Da motoci suka wadata, Alfred Sloan na kamfanin motoci General Motors ya jera motoci daga Chevrolet mai sauƙi zuwa Cadillac, da launuka, da biya kaɗan-kaɗan ta GMAC, reshensu na ba da rancen sayen mota. Ford ya nace wa mota ɗaya, sai a 1927 ya daina ta, ya rufe masana'anta watanni.

Hajiya Rabi: Gaskiya ne, Malam. Zamanin tura kaya ya ƙarfafa bayan karyewar tattalin arziki ta 1929: rumbu cike, masu saye ba kuɗi, sai aka dogara da 'yan talla da kamisho. Illarsa ita ce ɗan talla yana cusa wa dillali kaya don ya cika adadin wata, kaya su kwanta, a dawo da su ko a karya farashi. Theodore Levitt, masanin kasuwanci, ya nuna a 1960 cewa kamfanonin jirgin ƙasa na Amurka sun ɗauka sana'arsu jirgi ce, alhali sufuri mutane suke saya, mota da jirgin sama suka kwashe fasinja.

Malam Bala: Amma Nasiru, kada ka ɗauki jerin nan kamar tsani. Robert Keith na kamfanin fulawa Pillsbury ne ya tsara shi a 1960, daga tarihin kamfaninsu kaɗai. Ai dabarun jan mai saye sun daɗe: tun shekarun 1760 Josiah Wedgwood a Ingila yana sayar da tangaran da sunan sarauniya, yana buɗe ɗakin baje kaya a Landan.

Hajiya Rabi: A nan gida ma, madarar Cowbell ta shigo Najeriya a 1993 cikin ƙananan leda. An fara ne da tambayar nawa mai saye ke iya kashewa a rana, sannan aka yanka awo daidai da kuɗin.