Na canza cok ɗin fitilar tub amma ƙugi sai ƙaruwa ya yi

Mai_Ɗinki:
Salam 'yan uwa, dan Allah masu sanin harkar wuta ku taimaka min. Fitilar ɗakin aikina irin doguwar nan ce mai tub biyu, ƙafa 4, cok ɗinta (na'urar nan da ke daidaita wutar da ke shiga tub ɗin) ya ƙone sai na sayo sabo na sa da kaina, wuta ta kawo lafiya lau haske kamar rana, amma wlh tun ranar take wani ƙugi zuuuu ba tsayawa, da rana hayaniya na rufe shi amma da dare in na zauna aiki har cikin kaina nake jin sa. Tsohon kafin ya mutu bai kai haka ƙara ba. Sabon ne ba shi da kyau ko ni na yi kuskure wajen haɗi?

Ɗan_Waya:
Wa alaikassalam malam. Wane iri ka sa, mai nauyin nan ko mara nauyi na lantarki? In mai nauyi ne to cikinsa waya ce aka naɗe a kan siraran faifan ƙarfe da aka jera, wuta na shiga ƙarfen na ɗan motsi, inda wutar take 50Hz sau 100 yake girgiza a daƙiƙa ɗaya, inda take 60Hz kuma sau 120, shi ne ƙugin da kunnenka ke ɗauka. Wannan ba ya rasa 'yar ƙara ko sabo ne fil. Amma ƙarar da za ta cika ɗaki yawanci ba daga cok ɗin kaɗai take ba, jikin fitilar ne ke amsawa kamar ganga. Ka samu busasshen katako ka danna gwangwanin jikinta tana kunne, kar ka sa hannu, in ƙarar ta ragu ko ta canza murya to ɗauri ne bai yi ba. Kashe wuta daga babban makunni ka bi sukurorin ɗaya bayan ɗaya, har da murfin da inda ta kama silin.

Mai_Ɗinki:
Na gode oga. Mara nauyi ne, an rubuta 2x36W a jikinsa.

Ɗan_Waya:
Toh ai shi wannan bai kamata ka ji shi ba sam, sama da 20,000Hz yake aiki, ya wuce abin da kunnen mutum ke ji. Ka cire sitata kuwa, 'yar na'urar nan da ke tayar da tub in an kunna? Na lantarki ba ya tafiya da sitata, kuma in akwai tsohuwar kafasita (abin nan mai tara caji) a ciki ita ma fita za ta yi. Haɗinsa daban ne da na tsohon, zanen da ke bayansa za ka bi waya bayan waya, ba wai ka mayar da kowace inda ta fito ba. Sannan ka duba rubutun jikin tub ɗin. T8 kaurinsa milimita 26 ne, T12 mai kiban nan milimita 38 kuma yawanci 40W ne, in ka haɗa shi da cok na T8 zai iya kawowa amma ba a daidai yake ci ba, ƙara da ƙyaftawa ba sa rasuwa.

Baba_Injiniya:
Yaro abin da nake so ka fara tantancewa shi ne muryar ƙarar. Ƙugi mai tafiya sumul daban, tsat-tsat kamar ana soya abu daban. Na biyun tartsatsi ne, ko fil ɗin tub bai zauna a holda ba ko wata waya ta yi sako-sako, kuma shi ke cinye robar holda har ta yi baƙi. In ka ji wannan ko ka ji ƙauri, kashe ta kawai kar ka kwana da ita. Kuma in makunninta irin mai rage haske ne ka cire shi, cok na yau da kullum ba ya shiri da shi.

Hajiya_Mai_Koyo:
Mu tamu roba aka sa tsakanin cok da gwangwanin ta yi shiru.

Baba_Injiniya:
Hajiya ban ba da wannan shawarar ba gsky. Cok ta jikin ƙarfen yake sauke zafinsa, kuma da yawa ta nan suke samun at, wato haɗin ƙasa mai kare mutum daga jan wuta, in kin raba su da roba zai yi shiru amma zafi zai taru a cikinsa ya mutu da wuri.

Mai_Ɗinki:
Alhamdulillah na dawo da labari. Sitata dama na cire, tub ɗin ma T8 ne 36W. Ashe sabon cok ɗin ya fi tsohon gajarta, ramin baya bai zo daidai ba sai na ɗaure shi da sukuru ɗaya na bar ɗaya gefen yana lilo, har ya ɗan goge fentin wurin. Na huda sabon rami na ɗaure shi tam, holda ɗaya kuma na tarar ta tsage gefenta ya yi duhu, na canza ta. Yanzu sai na ɗaga kai nake sanin tana kunne. Allah Ya saka da alheri Baba, da ban buɗe holdar nan ba. Tub ɗaya dai bakinsa ya fara baƙi, in bar shi ko in canza?

Ɗan_Waya:
Canza duka biyun lokaci ɗaya malam, tsohon tub na wahalar da sabon cok. Kuma kar ka fasa tsohon, akwai makuri, sinadarin nan mai guba, a cikinsa.